Ziyarar Birnin Kudu da duwatsunta masu zane: tambayoyi da amsoshi

Mutane da yawa sun san Birnin Kudu a matsayin garin da mota ke ratsawa a kan hanyar Bauchi, ko inda ake kai mara lafiya babban asibitin tarayya. Kaɗan ne suka taɓa sauka suka shiga cikin duwatsun da ke gefen garin, inda mutanen zamanin baya suka bar zanen shanu a jikin dutse, inda kuma ake da duwatsu masu amo da ake kaɗawa. Ga amsoshin tambayoyin da masu niyyar zuwa suka fi yi.

Ina garin yake, kuma ta ina ake bi?

Birnin Kudu hedikwatar ƙaramar hukuma ce a kudancin Jihar Jigawa, a ƙarƙashin masarautar Dutse. Daga Kano kimanin kilomita 130 ne. Za ka kama titin Maiduguri har Wudil, ka haye gada, sannan ka bar hanyar Gaya ka ɗauki wadda ta bi ta Takai da Kachako zuwa Kwanar Huguma. A kwanar ne hanyar Dutse ta rabu; kai ka miƙe. Idan hanya lafiya, awa biyu zuwa biyu da rabi ta isa. Wanda ya taso daga Dutse ba ya cika awa ɗaya, wanda kuma ya fito daga Bauchi ta Ningi zai ɓullo ne ta Kwanar Babaldu.

Abu ɗaya da ke ɓata lissafin matafiya shi ne Juma'a. Ranar ce kasuwar Wudil ke ci, manyan motocin shanu da 'yan kasuwa sukan cushe bakin gada, a yi ta tafiyar hawainiya. In dole ranar za ka tafi, ka wuce Wudil tun da sassafe.

Me ake zuwa gani?

Abu uku ne. Na farko zanen da ke jikin duwatsu, wuraren da suka fi suna su ne Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Na biyu duwatsu masu amo, waɗanda galibi suna kusa da wuraren zanen. Na uku shi ne garin kansa: tsohon gari, ƙofar gidan Sarkin Kudu, kasuwa, da tsohuwar kwalejin gwamnati wadda ta yaye manyan mutane da dama, ciki har da Alhaji Aliko Dangote.

Kada ka zo da tunanin za ka ga tsauni mai taɓa gajimare. Duwatsun nan curi-curi ne, wani kan wani, da gonaki da bishiyoyi a tsakaninsu. Kyansu yana cikin lunguna da rumfunan da suka yi, ba a tsawo ba.

Me aka zana a jikin duwatsun?

Mafi yawa shanu ne, an yi su da jan launi, wasu da fari, wasu kuma an zagaye jikinsu da layi kawai. Akwai kuma 'yan alamomi da layuka. Zanen ba manya ba ne, kuma yana cikin rumfar dutse, wato inda wani dutse ya yi wa wani inuwa ruwan sama ba ya dukan wurin kai tsaye. Wannan rumfar ce ta sa ya kai zamaninmu.

Abin da ya kamata ka tsaya ka duba da kyau shi ne bayan saniyar. Duk shanun da muka saba gani a Kano da Jigawa, farare Bunaji ne, ko jajaye Rahaji, ko Gudali, masu tozo ne. Da yawa daga cikin na jikin dutsen kuwa ba su da tozo: gadon bayansu a miƙe yake tun daga wuya har gindin wutsiya. Wasu dogayen ƙahoni gare su, wasu gajeru, irin na muturu da yanzu sai a kudancin ƙasar nan da wasu yankunan tsaunuka ake samu. Masana tarihin dabbobi sun tabbatar cewa shanu marasa tozo su suka riga masu tozo zama a Afirka ta Yamma. Ke nan wanda ya yi zanen ya ga irin garken da yau babu shi a wannan yanki. Wannan kaɗai ya isa dalilin tafiyar. Wanda ya biyo ta karar Wudil ya ƙare wa shanun yau kallo, ya zo ya tsaya gaban waɗannan, shi zai fi kowa gane bambancin.

Ka lura kuma da inda wani zane ya hau kan wani. Na ƙasa shi ne ya riga, na sama ya biyo baya, alamar cewa ba hannu ɗaya ba ne kuma ba a zama ɗaya aka yi su ba.

Yaushe duniya ta san da su?

Mutanen garin sun san da su tun kaka da kakanni. Shigarsu rubuce-rubucen masana ta faru ne a tsakiyar shekarun 1950, lokacin da Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952 kuma ya yi suna a binciken tsofaffin mutum-mutumin yumɓu na Nok, ya zo ya duba wuraren ya yi rubutu a kansu. A nan Birnin Kudu ne hankalinsa ya kai ga duwatsu masu amo, daga baya aka riƙa gano irinsu a wasu sassan ƙasar. Shi da waɗanda suka biyo bayansa sun rubuta cewa mutanen garin suna danganta wasu daga cikin wuraren da al'adun aure. Yanzu wuraren suna cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, kuma hukumar tana da cibiyar bayanin zanen dutse a garin. Akwai 'yan'uwan wannan zane a Jihar Bauchi, a duwatsun Shira da na Geji.

Idan wani ya gaya maka shekarar da aka yi zanen ƙiri-ƙiri, ko ya kira maka sunan wanda ya yi, ka ɗauke shi a matsayin labarin baka. Ka saurara, domin labarin baka shi ma gado ne, amma kada ka rubuta shi a rahoton makaranta kamar tabbataccen zance.

Yaya dutse zai yi amo, kuma ana barin baƙo ya kaɗa?

Zafin rana da sanyin dare suna sa irin wannan dutse mai tauri ya riƙa ɓarewa fai-fai a tsawon zamani. Idan faifan ya rabu da uwar dutsen ya zauna a kan 'yan wurare kaɗan, da iska a ƙarƙashinsa, to in an buga sai ya yi rawa ya fitar da amo mai zaƙi kamar kuge. Wanda ya kwanta daram a ƙasa, ko wanda ya tsage, ko wanda ƙasa ta cike ƙarƙashinsa, ba ya amsawa, sai dai ka ji "ƙwas" kawai. Faifai ɗaya yana iya ba da murya biyu ko fiye, gwargwadon inda aka buga.

Za ka gane dutsen da aka daɗe ana kaɗawa ta gurabun da suka lotsa a gefensa, masu santsi, waɗanda bugu na shekara da shekaru ya haƙa. Idan ma'aikacin hukumar da ke yi muku rakiya ya ba da izini, ka ɗauki ɗan dutse wanda bai wuce cikin tafin hannu ba, ka buga a hankali a cikin tsohon gurbi. Kada ka buɗe sabon wuri, kada ka sa guduma ko ƙarfe, kada kuma a taru mutum biyar ana rafka. Ƙarfi ba ya ƙara wa amon daɗi. Abin da yake yi shi ne ya ɓalle gefen faifan, kuma dutsen da ya tsage ya daina magana ke nan har abada. Kada a hau kansa a zauna lokacin da ake bugawa, nauyin mutum yana kashe amon.

Sai na nemi izini, ko zan iya hawa kawai?

Nemi izini. Ka fara da cibiyar hukumar kayan tarihi da ke garin; duk ɗan acaɓa da ya daɗe a garin zai kai ka, ko ka tambaya a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ofis ne na gwamnati, don haka Litinin zuwa Alhamis da safe ya fi tabbas. Juma'a ana tashi da wuri, Asabar da Lahadi kuwa sai in kun yi magana tun kafin ranar. Amfanin ma'aikacin ba buɗe ƙofa ba ne kawai. Rumfunan duwatsun suna kama da juna, baƙo yana iya wuce zanen da taku biyar bai gani ba. Inda kuka tarar da shinge ko ƙofa a kulle, kada a haura.

Sannan akwai hakkin masu gari. Hanyar zuwa duwatsun tana ratsa unguwanni da gonakin mutane, don haka in kun yi yawa, ko kuna ɗauke da manyan na'urorin ɗaukar hoto, ku biya ta wurin mai unguwa. A yi sallama, a cire takalmi in za a hau tabarma, a durƙusa a gaisa. Babba a cikinku shi zai yi magana: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga wuri kaza, mun zo ganin duwatsun tarihi, muka ce ba ma wuce ba sai mun kawo gaisuwa." Ba ya ɗaukar minti goma, kuma sau da yawa a nan za a haɗa ku da dattijon da ya san labarin wurin. Wanda kuka tarar a gona ku ce masa "Sannu da aiki, Baba, ko akwai hanya ta nan?" Dattijuwa a ce mata Inna ko Hajiya. Da damina kada a taka shuka, a bi kan iyakar gona ko da za a yi zagaye.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu. An yi girbi, ciyawa ta kwanta, hanya ta bushe, rana ba ta da zafi sosai. Nuwamba ta fi kowane wata a wurinmu, domin hazon hunturu bai yi kauri ba tukuna, daga kan dutse kana hango gari da gonaki sarai. A Disamba da Janairu hazo yana iya rufe nesa, amma bai hana ganin zanen ba tunda kusa ake tsayawa.

Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, dutse kuma yana riƙe zafi ya mayar wa mutum ta ƙasa. In a wannan lokacin za ka zo, ka fara hawa da ƙarfe 7 ka sauko kafin 10. Da damina wurin ya fi kyan gani, ko'ina kore, sai dai a Agusta ciyawa tana rufe hanya, dutse yana santsi, macizai kuma suna yawo.

Me zan sa, me zan riƙe?

Takalmi mai igiya da ƙasan roba mai kama dutse. Silifas da takalmin fata mai santsin ƙasa su ne kan gaba wajen kayar da mutane. Babbar riga da doguwar jallabiya a bar su a mota. Riga da wando da hula sun isa. Mata su sa hijabi madaidaici da wando a ciki, saboda akwai inda sai an ɗaga ƙafa sosai, kuma dogon hijabi yana maƙalewa a ƙaya.

Ruwa lita biyu ga kowane mutum na rabin yini, wato leda huɗu ta fiya wata, da bazara a kai shida. A riƙe buhu ko babbar leda a dawo da ledojin da aka sha. Dabino ko gyaɗa ko ƙuli-ƙuli sun isa abin taɓawa. A zo da 'yar tocila, da sanda ga mai ciwon gwiwa. Kada a fesa turare mai ƙarfi, dalilin yana nan gaba.

Wasu sun je sun ce ba su ga komai ba sai jan tabo. Me ya sa?

Gaggawa ce. Mutum ya fito daga hasken rana ya shiga inuwa, idonsa bai saba ba, ya duba sau ɗaya ya juya. Ka zauna minti biyu ko uku tukuna. Ka tsaya kamar taku biyu daga jikin dutsen, ka fara neman ƙaho, domin shi ya fi saurin fitowa. Daga ƙaho ka bi layin baya, sannan ƙafafu. Da ka gane guda ɗaya sauran za su riƙa bayyana.

Wajen hoto, a kashe filashin waya, saboda yana haske fuskar dutsen ya wanke launin. Hasken safe ko na bayan la'asar ya fi na tsakar rana. Ka dafa gwiwar hannu a gwiwarka don kada hannu ya yi rawa, in kuma wurin ya yi duhu wani ya haska tocila daga gefe. Daga baya za ka iya ƙara ƙarfin launi a cikin wayar.

Me ya sa ake hana taɓawa da yayyafa ruwa? Ai dutse ne.

Dutse ne, amma launin da ke kansa bai kai kaurin takarda ba. Ruwa yana sa zanen ya fito na 'yan mintuna, shi ya sa wasu ke yi don hoto. Ɓarnar tana zuwa bayan an tafi: ruwan yana narkar da gishirin da ke cikin dutsen, in ya bushe sai gishirin ya taru a ƙarƙashin launin ya tura shi waje, ya riƙa zuba kaɗan-kaɗan. Lemon kwalba ya fi ruwa muni. Hannu kuma yana barin maiƙo da gumi, ƙura ta manne, wurin ya yi baƙi. Bin layin zanen da alli ko gawayi don ya fito yana goge na asalin, hura wuta a cikin rumfar kuwa hayaƙinta yana shafe komai da baƙi, kuma babu sabulun da zai wanke shi ba tare da ya tafi da zanen ba.

Rubuta suna da fenti ko da ƙusa shi ne abin da ya fi ɓata mana rai. Abin da ya tsira daga ruwa da rana na zamani mai tsawo, yaro ɗaya da gwangwanin fenti yana iya kashe shi kafin azahar. Laifi ne a dokar kayan tarihi, haka ma ɓallar wani yanki a tafi da shi. In kun ga ana fasa dutse don tsakuwar gini kusa da wurin zane ko dutse mai amo, ku sanar da ma'aikatan hukumar da mai unguwa. Girgizar fasa dutse kaɗai tana iya tsaga rumfa.

Akwai haɗari?

Akwai, amma duk ana iya kauce musu. Faɗuwa ita ce ta fi yawa, kuma wajen saukowa take faruwa, lokacin da ƙafa ta gaji mutum kuma yana sauri. A gangara a karkace, in wurin ya yi tsaye a zauna a ja jiki. Baƙin layin da kake gani a jikin falalen dutse hanyar ruwa ce, da danshi kaɗan gansakuka take yi, kada ka taka. In hadari ya haɗo ana walƙiya, a sauko nan take.

Ƙudan zuma da rina suna yin gida a tsagar duwatsu. Turare da hayaniya da jifa suna tayar da su. In sun taso kada a watse ana gudu a kan dutse. A rufe fuska da mayafi ko riga, a sauka ta hanyar da aka hau.

Kada ka zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutsen da ba ka ga cikinsa ba, nan kunama da maciji ke fakewa. In maciji ya sari wani, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, don haka tsagawa tana jawo zubar jinin da ba ya tsayawa. A cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibitin tarayya da ke cikin garin ba tare da tsayawa neman magani a hanya ba.

Wanda ya fara jin jiri da ciwon kai saboda rana, a kai shi inuwa, a jiƙa masa kai da wuya, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ya fara rikicewa ko ya suma, asibiti.

An ce wuraren iskoki ne. Ya halatta a je?

Kusan kowane dutse a ƙasar Hausa yana da irin wannan labari, tun daga Dala. Mai ziyara dai ba yanka ya je yi ba, ba roƙo ya je yi ba. Ya je ne ya ga alamar mutanen da suka rayu a wurin kafin mu, yadda ake zuwa gidan tarihi na Gidan Makama a Kano. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa kafin ya taso. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mutum ya goge zanen da sunan gyara aƙida. Babu mai bauta wa saniyar da ke jikin dutsen, kuma ba mallakar mutum ɗaya ba ce da zai yanke mata hukunci.

Za a iya kawo ɗalibai, ko yara da tsofaffi?

Ƙwarai, ɗaliban Jigawa da Kano ma su suka fi cancanta su gani. Makaranta ta aika da takarda ga cibiyar aƙalla mako biyu kafin ranar, da adadin yara da ajinsu. Malami ɗaya ga yara goma zuwa sha biyar, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Rumfunan ƙanana ne, don haka a riƙa shiga rukuni-rukuni, kamar mutum takwas, sauran su jira a inuwa. A karɓe alƙalamin maka da fenti tun a mota, a bar musu fensir da littafi su kwafi zanen da ido. Yaron da ya zana saniyar da hannunsa shi zai lura ba ta da tozo. A ƙirga su kafin hawa da bayan saukowa.

Tsofaffi da masu juna biyu su gaya wa ma'aikacin tun farko, ya zaɓa musu wurin da ya fi sauƙin isa.

Nawa zan tanada?

Kuɗin mota yana bin farashin mai, don haka ka tambaya a tasha ana gobe tafiya. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, saboda a bakin dutse babu mai POS. Da ɗan acaɓa ku yi ciniki a kan zuwa da jira da dawowa gaba ɗaya kafin ka hau. Rashin yin haka shi ke kawo gardama a ƙarshe, ko ya sauke ka ya tafi. In akwai kuɗin shiga a cibiya ka karɓi rasit. Wanda ya yi muku rakiya a ba shi na goro da mutunci, amma kada a riƙa raba wa yara kuɗi, yana koya musu barin makaranta su bi baƙi.

Yini ɗaya ya isa? Ina zan kwana, me kuma zan haɗa da shi?

Wanda ya bar Kano bayan asuba zai ga wuri biyu ko uku, ya yi azahar a gari, ya ci abinci, ya koma kafin magariba. Ba mu son tafiyar dare a wannan hanya saboda manyan motoci. Wanda ke son kwana zai fi samun zaɓin masauki a Dutse, wadda ta zama babban birnin jiha da aka ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991.

Kwanan Dutse yana da riba. Washegari ka shiga Garu, tsohon garin da ke cikin ƙugun duwatsu inda fadar sarki take. Da ka ga yadda duwatsun suka rufe shi za ka gane dalilin da ya sa aka kafa gari a wurin, da dalilin da ya sa Sarkin Kano Kumbari ya sha wuya a yaƙinsa da Ada, mai mulkin Dutse a lokacin, a ƙarni na 18. Shiga fada sai da iso, a yi magana da dogarai a ƙofa, kada a ɗaga waya ana hoto kafin a tambaya. Dutse garin dabino ce, akwai ma tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya a can, don haka tsarabarka ta samu. In tafiyar ta zo daidai da ƙaramar Sallah ko babba za ka ga hawan sarki, sai dai a ranakun ofisoshi a rufe suke, ke nan zanen Birnin Kudu sai ka sa shi kafin hutun ko bayansa.